Kujerar Bakin Ƙofa

Ƙarfe bakwai da rabi ba ta taɓa samun Anti a hanya ba. Kafin mai shara ta gama goge barandar asibitin, ta riga ta buɗe ɗakinta, na ƙarshe a layin, can bayan wurin karɓar magani. Ta ɗaga labule, ta ba shukarta ruwa, ta ajiye kofi biyu da sabon kwalin tishu a kan ɗan teburi. Sannan ta juya kan kujeru uku. Ɗaya tata ce, ɗaya tana jikin taga, ta ukun kuwa takan jawo ta har bakin ƙofa, yadda wanda ya zauna a kai taku ɗaya zai yi ya gan shi a waje. Shekara ashirin da takwas tana wannan jan kujera. Ranar Juma'ar da ta wuce ta yi na ƙarshe, domin Anti ta yi ritaya.

A takarda an rubuta cewa ita mai ba da shawara ce kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba ta allura, ba ta rubuta magani, shi ya sa ko a taron ma'aikata ba a cika tunawa da ita wajen yabo ba. To yau sai an yabe ta, ko tana so ko ba ta so, kuma kowa ya san ba ta so.

Babban mai shaida shi ne Dogo, direban doguwar bas. Shekara uku da suka wuce tayar gaba ta fashe masa a tsakiyar gada, da fasinja arba'in a bayansa. Ya yi ta maza ya riƙe sitiyari har motar ta tsaya a jikin ƙarfen gadar, ba wanda ya ko ƙwarzane. Aka yi ta yabonsa a tasha. Amma tun daga ranar, da ya hau kujerar direba sai hannu ya kama rawa, gumi ya karyo, ƙirji ya toshe. Kamfani ya ba shi wata uku, ko ya koma kan sitiyari ko ya miƙa makulli. Mutumin da bai iya komai ba sai tuƙi, ga 'ya'ya biyar. Likita ya auna zuciya, ya auna jini, ya ce lafiya lau, ya tura shi ɗakin ƙarshe.

Maiɗakinsa ce ta raka shi har ƙofa, don ta san hali, in ta bar shi a bakin get gida zai juya. Ya shiga yana ɗaure fuska, ya naɗe hannun riga har damtse.

"Sannu da zuwa," in ji Anti. "Ga kujeru nan, zaɓi wadda ta yi maka."

Ya ɗosana a ta bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ma kusan a waje take.

"Anti, gara in faɗa miki tun yanzu, ni fa kaina ƙalau yake."

"Na ji. Ni ma gara in faɗa maka ba na allura, sauke hannun rigarka. Ka karya kuwa?"

"Ai na ɗauka jini za a ɗiba."

Ta miƙa masa biskit da ruwa, ta bar shi ya ci. Sannan ta yi masa bayanin da ta yi wa duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan a ranarsa ta farko.

"Bari in gaya maka yadda abin yake, don kada ka zauna kana zullumi. Minti hamsin za mu riƙa yi, sau ɗaya a mako. Yau tambayoyi ne: barcinka, cin abincinka, gidanka, da abin da ya kawo ka. Wadda ba ka so, ka ce a wuce, a wuce. Abin da ka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Manajanka ba zai ji ba, maiɗakinka ba za ta ji ba. Sai fa in na ga ranka ko na wani yana cikin haɗari, shi ma kai zan fara gaya wa. Ba zan ce maka yi kaza, bar kaza ba, tare za mu nemo hanya. Wata rana za ka fita ka ji ka fi yadda ka shigo nauyi. Kada ka ce aikin ya ɓaci, haka farkonsa yake. In kuma ka ga jininmu bai haɗu ba, ka faɗa in haɗa ka da wani, ba zan yi fushi ba."

Dogo ya dubi kujerar da yake kai. "Wannan fa, me ya kawo ta nan?"

"Ta mai son gudu ce. Ƙofar ba a kulle take ba."

Dariya ta ƙwace masa, ta farko cikin makonni. Bai gudu ba. Sai dai rabin awa ya kwashe yana yi mata lacca a kan tayoyi, wace ce mai ƙwari, wace ce ta banza, ita kuwa tana sauraro kamar gobe za ta sayi bas. Da ya fito ya ce wa maiɗakinsa, "Hira ce kawai, ba wani abu."

A mako na uku hirar ta kai inda ake so. Ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: lokacin da motar ke tangaɗi, ya hango wata mata a madubi ta rungume jaririnta ta rufe ido, kuma har yanzu da ya taɓa sitiyari ita yake gani. Ƙaton nan ya yi kuka har ya kusa cinye kwalin tishu. Anti ba ta ce ya yi haƙuri ba, ba ta ce ya daina ba, ta zauna tare da shi har ya gama. Ya fita jiki a mace, ya rantse ba zai sake takawa nan ba. Ranar Talata ta zagayo, sai ya tuna ai an gaya masa haka za a yi. Ya sa hularsa ya dawo.

Daga nan aka shiga aikin gida, don Anti ba ta sallamar mutum hannu rabbana. Ta koya masa jan numfashi a hankali. Ta ce ya zauna a kujerar direba minti biyar, mota a kashe. Mako na gaba ya tayar da inji. Na gaba ya zagaya cikin gareji. Sannan ya tsallaka gadar a matsayin fasinja, ido buɗe. Wani makon a ci gaba, wani a koma baya, ita ko a jikinta. Ranar da ya fara fita titi, da gudu ya shigo ɗakin yana ba da labari tun daga baranda, bakinsa har kunne. Sai da ya yi nisa ya lura a kujerar jikin taga yake zaune. Saura kwana tara wa'adinsa ya cika ya karɓi makullinsa.

Mai shara ta ce ita ba ta taɓa jin sirrin kowa ba, amma da kujera take gane mai samun sauƙi. "In na shigo na ga ta bakin ƙofa ba a motsa ta ba, ta taga ta ɗan karkace, sai in ce to, Anti ta ci nasara a kan wani." Ta ga mai jego da ta shigo ba ta ko son kallon jaririnta, ta fita tana yi masa wasa. Ta ga dattijon da matarsa ta rasu, wanda ya yi zama uku bai ce uffan ba, aka bar shi da shirunsa har ya tashi magana.

Anti, ke ce mai kunnen da ba ya gajiya. Ke ce kika ɗauki sirrin mutane shekara ashirin da takwas, ko ɗaya bai zubo ba. A kasuwa kikan wuce mutanenki kamar ba ki san su ba, sai in su suka fara gaisuwa, don kada wani ya tambaye su ina suka san ki. Mutane sun koma bakin aikinsu, sun koma cikin iyalinsu, aka yi musu barka, ke kuwa kina ɗaki kina gyara kujera.

Ranar Juma'a Dogo ya roƙi kamfani aron bas, ya wanke ta tas, ya faka a ƙofar asibiti don ya kai Anti gida tare da abokan aikinta. Ana ta tafi da raha ta fito rungume da shukarta. Ya buɗe mata ƙofa da kansa.

"Ga kujeru nan, Anti, zaɓi wadda ta yi miki."

Ta dubi kujeru arba'in, ta zauna a ta bakin ƙofa tana murmushi. Nan ya gane murmushin nata na dole ne.

"Dogo," ta ce a hankali, "wallahi ban san me zan yi da safiyar Litinin ba."

Ya gyara madubi, ya tayar da inji. "Bari in gaya miki yadda abin yake. Kwanakin farko za ki ji nauyi. Kada ki ce abin ya ɓaci, haka farkonsa yake. Wata ce ta gaya mini, kuma ba ta ƙarya. Sai dai ƙofar nan tawa ba ta buɗuwa sai na tsaya, don haka ba gudu."

Ta yi dariya har da hawaye. Hanyar gidanta ta kan gadar nan take bi. Da suka hau, motar ta yi tsit, ita kuma ba titi take kallo ba, hannunsa take kallo. Hannun bai yi rawa ba. A tsakiyar gadar ya danna hon mai tsawo, bas ta kaure da tafi.

Mun gode, Anti. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya saka miki da alheri. Masu irin wannan aiki su koyi gaya wa mutum gaskiyar abin da zai tarar tun ranar farko. Wanda kuma wani abu ke cin ransa yana tsoron shiga, ya daure ya je, ya kuma karya kumallo kafin ya fito daga gida. Mai shara ta ce ranar Litinin da sassafe, kafin sabuwar ma'aikaciya ta iso, ita da kanta ta ja kujerar ta kai ta bakin ƙofa.