Rigar Iyon Da Na Ɗinka Ta Shiga Teku

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka loda kaya a mota. Mu huɗu ne: ni da maigida, da 'yarmu mai shekara goma sha huɗu, sai Hajiya maƙwabciyata, mutuniyar Maraɗi, wadda ta ce ba za a tafi ganin teku a bar ta tana gadin bene ba. Titin Gate City shiru, babu abin da ke ido biyu sai fitilun masu sayar da motoci. Ku da kuka yi ta tambayata a waya, ga labarin, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Bari in fara da dalilin tafiyar. Yarinyar nan 'yar fari ce, shi ya sa ba za ku ga sunanta a nan ba. Ni ko a gida "ke" nake ce mata. Tun tana shekara shida ta koyi iyo a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, in ta shiga ruwa sai an yi da gaske take fitowa. Da ta fara girma ta ɗauki hijabi, don kanta, ba wanda ya matsa mata. Daga nan ta daina iyo. Shekara biyu ke nan. In ƙawayenta suka gayyace ta sai ta ce tana da aikin makaranta, ta shige ɗaki. Na saya mata rigar iyo mai rufe jiki ta intanet, ta ɗaga ta duba, ta ce wannan ai buhu ne.

To ni ɗinki nake yi a gida, sai na ce bari in gwada. Ta farko a jikina na auna, na cika bahon wanka na shiga da ita, ta kumbura ta taso mini har wuya. Ta biyu ta sha ruwa ta yi nauyi kamar bargo. A ta uku ne na samu yadi mai santsi wanda ba ya riƙe ruwa, shuɗi mai duhu, na ɓoye maɓallai huɗu daga ciki da ke kama rigar da wando, na haɗe hular da wuyan. Da ta gwada, ta ce mini da Turanci wai ba laifi. Ni dai na ce wa maigida a kai mu inda ruwa yake, mu gani.

Hanya lafiya lau, babu rami ko ɗaya. Muna wuce Raleigh rana ta fito ta tsaya mana a ido. Daga nan sai gonakin masara da taba da waken soya. Hajiya ta ce masarar Turawa ma layi take bi, duk tsayinsu ɗaya kamar sojoji. Guzurinmu dambun nama da dafaffen ƙwai da burodi, da zoɓo a kula. Hajiya ta zo da wani kek da ta gasa, gato in ji ta, ta hana kowa taɓawa sai an ga ruwa. Wajen ƙarfe tara muka shiga Beaufort, ƙaramin gari mai fararen gidaje, iskarsa tana warin gishiri da kifi.

Kuɗin jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi na mutum ɗaya ya kai cefanen kwana uku a gidana. Maigida ya biya, sai dai ya ɗan jima yana kallon rasit ɗin. Mun kai mu ashirin a jirgin. Matuƙin wani dattijon Bature ne da rana ta gasa ya yi ja kamar tattasai. Ya yi bayani da sauri, Turancina na ajin manya ya kamo rabi, yarinyar ta cike mini rabi: wuri uku za a tsaya, a na ƙarshe ne ake leƙa kifi a ƙarƙashin ruwa. Tana sanye da rigar, amma ta rufe ta da baƙar abaya har ƙasa.

Wurin farko ba tsibiri ba ne sosai, tudun yashi ne a tsakiyar ruwa, wai in ruwa ya cika ɓacewa yake yi. Muna sauka 'yan matan Turawa suka zubar da tawul suka ruga cikin ruwa. Tawa ta bi gefe tana tsintar ɓawon katantanwa, ko idon sawunta bai jiƙe ba.

Na biyu shi ne tsibirin dawaki. Dawaki ne gajeru masu dogon gashi, suna kiwo a tudu, babu igiya babu turke. Hajiya ta sa aka tambayar mata matuƙi wai na wane ne. Da aka ce ba su da mai su, kuma an hana matsawa kusa da su, ta riƙe haɓa ta ce dukiya haka a sake, a garinsu da tuni kowanne ya samu amalanke. Nan muka shimfiɗa tabarma muka ci abinci, tsuntsayen teku suna zagaye mu kamar an aiko su. Guda ya fizge ɓallin gato daga hannun Hajiya, ta bi shi da zagi cikin Faransanci. Yarinyar ta yi dariya, ita ce dariyarta ta farko a ranar. Muka yi alwala da ruwan teku, muka haɗa azahar da la'asar. Ita dai abayar tana nan a jikinta.

Da muka nufi wuri na uku na fara damuwa, don daga shi sai gida. Akwai doguwar hasumiya mai zanen baƙi da fari, irin yankan da nake yi wa wuyan riga. Ruwan wurin garau, kana tsaye kana ganin yatsun ƙafarka. Matuƙi ya raba wa kowa tabarau na ruwa da bututun shaƙar iska, ya ce awa ɗaya muke da ita. Yarinyar ta karɓa ta ajiye a kan cinya, ta zauna kan yashi tana latsa waya. Maigida ya buɗe baki zai yi mata magana, na girgiza masa kai.

Ni fa ban iya ruwa ba. A garinmu ko kududdufi ba a barin mu kusanta. Amma da zan fito na sako rigar nan ta farko, mai kumbura, a ƙarƙashin kayana, ban gaya wa kowa ba. Na cire mayafi da kayan sama na miƙa wa Hajiya, na yi bisimilla na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Sai riga ta yi halinta, ta buɗe ta kewaye ni kamar laimar biki, ni a tsakiya. Tabarau kuma ashe a kife na sa shi. Wata tsohuwar Baturiya ta kalle ni ta fashe da dariya, ni ma na taya ta, don abin na dariya ne.

Sai na ji muryar yarinyar daga bakin ruwa, da Hausa, abin da ba ta cika yi ba.

"Mama, kowa yana kallonki."

Na ce, "Na gani. Ga ni nan kuma, ba su rage ni da komai ba."

Ta yi ta kwatanta mini daga nesa yadda zan juya tabarau, ni kuwa ina ƙara karkata shi. Ban sani ba ko haushi ne ya kama ta. Na dai ga abaya ta faɗi kan yashi. Ta shigo da gudu, ta danna mini rigar ƙasa ta cusa a wando, ta gyara tabarau, ta ce in ciji bututun in yi numfashi ta baki kawai. Ta riƙe hannuna biyu, na sunkuya.

'Yan uwa, wata duniya ce a can. Ƙananan kifaye masu ratsin baƙi da fari suna wucewa ta gaban hancina, ko a jikinsu. Ƙaguwa tana tafiya a karkace. Babu ƙarar komai sai numfashina. Da na ɗago, ta tambaye ni ko zan iya tsayawa ni kaɗai. Na ce zan iya. Sai ta sake ni ta tafi.

Ta miƙe a kan ruwa tana yanka shi hannu bayan hannu, ta wuce 'yan matan nan, ta kai wajen wasu duwatsu, ta nutse, ta ɓullo can gaba. Hajiya ta rangaɗa guɗa, duk 'yan jirginmu suka waiwayo. Ni bakina ba ya iya yabon 'yar fari, haka aka rene ni. Abin da na iya cewa kawai shi ne maɓallan sun riƙe, rigar ba ta tashi ba. Hajiya ta ce, "Ƙanwata, ji tsoron Allah, ba riga kike kallo ba." Yarinyar ce ta ƙarshe da ta hawo jirgi, sai da matuƙi ya busa mata usur sau biyu.

A hanyar dawowa Hajiya ta yi ta minshari, yashi ya cika motar maigida. Mun kusa Burlington yarinyar ta leƙo tsakanin kujeru ta ce hannun rigar ya yi faɗi, yana ja mata ruwa, ko zan iya tsuke shi kafin a koma makaranta, don akwai gwajin shiga ƙungiyar iyo. Na ce in mun isa ta kawo in gani. Gab da magariba muka iso gida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ɗinkin riga shi ne mai sauƙi. Da na tsaya a bakin ruwa da mayafina ina cewa ta shiga, da mun dawo da rigar a bushe. Jiya na farke hannun, yau da ta dawo daga gidan ƙawarta zan sake auna ta.