Saura Gari Ɗaya, Malam Boukari

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 11 ga Yuni, 2025, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Malam Boukari Mahamane, mutumin Gaya ta Nijar, a gidansa da ke Glenwood a nan Greensboro. Ya dawo daga aiki, ya yi la'asar, ya zauna a kujerar falo. Maiɗakinsa, Hajiya Fourera, ta ce ba ta ji ko nishi ba. Abin da ya tsorata ta shi ne zaman ya yi yawa. Duk wanda ya san ka, Malam, ya san dalilin tsoronta, domin kai ba ka iya zama ba.

Jikan masunta ne kai, an haife ka a bakin kogi, sai Allah ya ajiye ka a garin da ruwansa bai wuce na famfo da ɗan tafki ba. Litinin zuwa Juma'a kana ɗora kujeru da gadaje a babbar mota, amma hankalinka yana gabas, inda teku yake. Ka ɗaukar wa kanka alkawarin da babu wanda ya sa ka: za ka zaga garuruwan masunta na gaɓar jihar nan, daga arewa zuwa kudu, kuma ta ruwa za ka shiga kowanne. Na ce maka akwai titi mai kyau har cikin garuruwan. Ka dube ni yadda ake duban yaro, ka ce garin masunta fuskarsa tana kallon ruwa, wanda ya zo ta titi ta ƙofar baya ya shigo. Shekaru ka yi kana wannan zagaye, da hutu da ƙarshen mako, har ya rage maka gari ɗaya, Calabash, can kan iyakar kudu.

Ni, Haidar, Bakatsine ne, ruwan da na sani na rijiya ne. Yadda ka saka ni cikin jirgi ba zan manta ba. Shekarar da mahaifiyata ta rasu ban samu damar zuwa gida ba. Na kulle kaina a ɗaki, ina karɓar gaisuwa ta waya. Ranar Asabar ka buga mini ƙofa da asuba, ba ka yi mini wa'azi ba, ka ce in ɗauko hula. Muka yi tafiyar rabin yini har Harkers Island, wurin abokinka Nathan, wani dattijon Bature mai ƙaramin jirgi da gwiwoyi masu ciwo. Muka ratsa fadamu masu doguwar ciyawa, muka wuce tsibirin da dawakai ke kiwo babu mai su, muka bar wata hasumiyar haska wa jirage hanya mai zanen baƙi da fari a bayanmu. Da ƙasa ta ɓace ka sa aka kashe inji. Ka nuna gabas, ka ce daga nan babu komai tsakanina da gida sai ruwa, in yi wa mahaifiyata addu'a. Na ce ai in aka miƙe nan Maroko za a fita. Ka ce da ɗan Faransancinka, "Bon, maƙwabta ne." Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, bayan kukan kuma na yi amai. Ka riƙe mini wuyan riga har na gama duka ukun.

Ba ni kaɗai ka yi wa haka ba. Duk baƙon da ka ga kewar gida ta kama shi, sai ka kai shi ruwa. In ka dawo kuma sai ka bi gidajen mutanenmu da ke Gate City Boulevard da kifi cikin ƙanƙara, ka fara da matan da mazansu suka rasu, ka ajiye ka tafi kafin a kawo maka ruwan sha.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne goro. A wurinku, baƙo ba ya jefa ƙugiya a ruwan wani gari sai ya gaida sarkin ruwa. Nan babu sarkin ruwa, to sai ka naɗa da kanka. Duk inda muka ɗaure jirgi sai ka nemi masuncin da ya fi kowa tsufa, ka cire hula, ka miƙa masa goro da hannu biyu. A Wanchese wani tsoho ya gatsa, fuskarsa ta yamutse kamar ya sha maɗaci, amma ya haɗiye don kunya. A Sneads Ferry wata tsohuwa mai sayar da jatan lande ce ta zama sarkin ruwanka. Ni ina baya ina jin nauyi, ina cewa za a ɗauke mu mahaukata. Sai ga shi ranar jana'izarka mutum biyu daga cikinsu sun biyo Nathan, sun tsaya nesa kaɗan a maƙabarta da hulunansu a hannu.

Mutum ɗaya ce ba ka taɓa iya kaiwa ruwa ba. Hajiya Fourera tana budurwa kwale-kwale ya kife da yayanta a kogin Gaya, kuma tun daga ranar ta ƙi jinin duk ruwan da ya wuce gwiwa. In za ka tafi ba ta yi maka sallama, sai dai ka ji tukwane suna ƙara a kicin. Amma kullum dambunta yana cikin jakarka. Wuni take yi da waya a hannu tana jiran mugun labari daga teku. Shekara da shekaru tana tsare ka daga ruwa, ashe ajalinka yana cikin falonta.

Bayan addu'ar uku Nathan ya ja ni gefe. Ya ce gwiwoyinsa sun gama, ƙarshen Oktoba zai fitar da jirgin daga ruwa ya rabu da shi. In muna son ƙarasa maka Calabash, mu zo tun yanzu da yanayi ke da kyau, kafin lokacin guguwa ya yi ƙarfi. Tun daga ranar na kasa samun natsuwa. Asabar in ta zo sai in tashi da asuba, in sa hula, in fita da mota ba inda za ni. In na ce in je, sai in ga kamar zan yi wa matar da ke takaba fami. In na ce in bari, sai in ji kana buga mini ƙofa.

Makon jiya na kai wa iyalinka gaisuwa da niyyar ba zan ɗauko maganar ba. 'Yarka Oumaima ta buɗe mini, ta ce da Turancinta uwarta ba ta zauna ba tun safe, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Kujerarka tana nan, babu mai hawanta. Muka gaisa da Hajiya, sannan ta shiga kicin ta fito da wani ƙullin tsumma mai danshi. Ta kwance a gabana. Goro ne, fari da ja, wanda ka saya saboda Calabash. A ƙasan firij ta same shi, kuma tun ranar take yayyafa masa ruwa kowace safiya don kada ya bushe.

"Malam Haidar," in ji ta, "ni ba ni iya fita sai na gama takaba. Kada ku tai ba ni. Ina so in ga abin da yake gani a can."

Na ce mata takabarta ba za ta ƙare ba sai bayan tsakiyar Oktoba, lokacin ruwa ya fara sanyi, kuma ana iya samun iska. Na ce jirgin ƙarami ne, yana rawa. Ta ce ta sani. Ta mayar da ƙullin, ba ta janye maganarta ba. Na kira Nathan daga cikin mota, ya ce zai jira, in teku ta yarda.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Boukari, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa kifin da ya raba da hawayen da ya share su zame masa haske. Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna, ka ba shi hutun da bai yarda ya yi a duniya ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Fourera da Oumaima, da 'yan'uwansa na Gaya, da jama'armu ta Greensboro, da masuntan da suka karɓi goronsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Kai kuma Malam, ka kwanta. Goronka bai bushe ba. In Allah ya kai mu Oktoba, ta ruwa za mu shiga Calabash, kuma Fourera ce za ta miƙa shi da hannu biyu.