Yatsa na Uku

Tun da mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi aka kwantar da shi, Nasiba ba ta da wajen zama sai bencin asibitin nan na Jalingo. Yau tana kallon wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki. Shi kaɗai ne, hularsa a cinya, an aske masa inda ake manna wayoyin na'urar farfaɗo da ƙwaƙwalwa. Da gani tsohon malamin makaranta ne.

Nas ta leƙo ta ce, "Baba, wa zai zo ɗaukarka?"

Sai ya fara lissafo 'ya'yansa da yatsu, kamar mai kiran sunaye a aji. "Philemon. Victor." A yatsa na uku ya tsaya.

"Mace ce," in ji shi.

Ya daɗe yana duban fuskar Nasiba, ko baƙuwar fuska za ta tuna masa sunan 'yarsa, sannan ya girgiza kai.