Falle Biyu da Suka Ƙaru a Zango

Daura, da asuba

Ana idar da sallar asuba muka tura motar ta tashi, don batirin ma ya gaji. Tsohuwar akori-kura ce ta Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ta girme ni nesa ba kusa ba. Sifirin ɗinta na baya, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya kwanta, falle ɗaya ya karye, har sai da aka cusa guntun icce aka ɗaure da roba. A Zango akwai maƙerin da ke gasa su ya buge su koma lanƙwasarsu, can muka nufa.

Ni tun da na watsar da boko a aji biyu ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi acaɓa, na yi faci, na sayar da rake. Abu ɗaya nake so, Kawu ya ba ni tuƙin motar nan. Kafin mu tashi ya ja ni gefe.

"Sabi'u, ƙarfen nan na da ne, yanzu babu irinsa. Maƙera ba sa ganinsa su ƙyale, gatari da fartanya suke yi da shi. Bakwai-bakwai ne kowane gefe. Kada ko ɗaya ya ɓace. In kun dawo ma yi maganar makulli."

Ɗanliti, direban Kawu, yana jingine da ƙofa yana sakace haƙori. Tun can ban yarda da shi ba.

A hanya

Tafiyar kunkuru muka yi, duk ramin da muka faɗa sai bayan motar ya yi ƙara kamar an bugi garwa. Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, direbobi duk sun ɓoye kaset ɗin kiɗa. Ɗanliti ya sa na wa'azi ya ƙure murya, shi da ko alwala sai an tuna masa. Muka tsaya a bakin hanya muka sha koko da ƙosai.

"Kai da aka aiko gadin ƙarfe, ci da yawa," in ji shi. "Gadi sai da ƙarfi."

Na ci gaba da shan kokona.

Zango

Hantsi ya dubi ludayi muka isa maƙerar Baba Ilu, wani dattijo mai ƙunar wuta a hannuwa. Aka ɗaga motar aka tokare da kututture, aka kwance notuna, aka zare ƙusar tsakiya da ke haɗa fallayen, suka baje a ƙasa. Na ƙirga, na jawo dutse na zauna a kansu.

Aikin da kyan kallo. Sai ya kankare tsatsa, ya tura falle cikin gawayi a yi ta zuga har ya yi ja, ya ciro da awartaki ya bi shi da masaba daga wannan kai zuwa wancan. Ya ɗora a kan ɗan'uwansa ya duba lanƙwasa, in bai yi masa ba ya mayar wuta. In ya yi, sai ya tsoma a baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe. Wanda ya karye ya sauya shi da wani, na ɗauke guntayen na sa a buhu.

Sau biyu Ɗanliti yana cewa in je in sayo fura. Na ce na ƙoshi. Na ga suna ƙus-ƙus da Baba Ilu a bayan rumfa, ina matsowa suka koma zancen damina.

Azahar ce ta tashe ni. A kwanakin nan ba ka isa a kira salla kana zaune a bakin titi ba. Na tafi masallaci ina waige. Da aka sallame na duba sahu, babu Ɗanliti, babu Baba Ilu. Na dawo a guje na tarar har an ɗaure sifirin an ɗora.

Na kwanta a ƙasa na ƙirga. Tara. Na koma ɗaya gefen. Tara.

"Baba, waɗannan biyun fa?"

"Ragi ka gani? Kai wane irin yaro ne, a yi maka ƙari ka kawo ƙara?"

"To wa ya ce a ƙara?"

Ya kalli Ɗanliti. Ɗanliti ya ce, "Shiga mota, malam mai gadi."

Shingen kwastan

Bayan motar ya ɗaga sama kamar raƙumin da zai durƙusa. Ba mu yi nisa ba wani jami'in kwastan ya tsayar da mu. Bai ko leƙa ciki ba, ya sunkuya yana taɓa fallayen da sandarsa.

"Shinkafa ko fetur?"

Na ce, "Yallaɓai, gero muke kaiwa kasuwa."

Ya yi dariya. "Gero bai buƙatar falle tara. Masu bin burtali daga iyaka ke ƙara falle, don in sun danƙara kaya motar ta zauna daidai kamar ba komai. Ku je. Ranar da na gan ta ta daidaita, mun haɗu."

Muka kama hanyar gida. Ni kuwa na ce a raina lallai Ɗanliti fasa-ƙwauri zai yi da motar Kawu a ɓoye.

Daura, da la'asar

Ban jira ya kashe mota ba na diro.

"Kawu, ba a sata ba, amma ku zo ku ga abin da Ɗanliti ya sa aka yi!"

Kawu ya zagaya baya, ya danna da hannu biyu, motar ko gezau. Ya yi murmushi.

"Ilu ya cika alkawari."

Ya karɓi makulli a hannun Ɗanliti ya miƙo min. "Shi 'yan kwastan sun san fuskarsa. Ranar Lahadi kai za ka Mai'adua. Dawowa ba ta titi ba, zai nuna maka hanyar."

"Kawu, in aka kama ni fa?"

"Ai kai yaro ne. Ba a tsananta wa yaro."

Na kalli makullin, na kalli Ɗanliti. Karon farko a ranar bai yi min dariya ba, kai kawai ya ɗan girgiza.

Na ce, "Kawu, ku riƙe tukuna. In an cire biyun nan, ni da kaina zan zo in karɓa."

Ya mayar da shi aljihu. Na ajiye masa buhun guntayen ƙarfensa, na kama hanyar gida a ƙasa. Mun je lafiya mun dawo lafiya, godiya ta tabbata ga Allah.