Na je sayen kayan nutso, Hajiya ta buɗe min ƙofa

Ana buɗe ƙofar sai ga wata dattijuwa da mayafi, tana amsa waya da Hausa. A Beltsville fa, nan ƙasar Turawa!

Kayan nutso na farko na je saya, na hannu, don sabo ya fi ƙarfin aljihuna: farantin ƙarfen da ake goyawa a ɗaura tukunyar iska, da jakar iskar da ke taso da mutum sama.

Na rusuna na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ɗanki na nan? Mai kayan."

Ta ce, "Wane ɗa? Nawa ne. Ƙarfen ya fara yi wa bayana nauyi, na canza mara nauyi."



Ta hura jakar, ta danna ta cikin bahon ruwa, ta sa ni zuba ido ko kumfa zai fito. "Ko mahaifiyarka ce ta sayar maka, gwada. Ranka za ka rataya a nan."

Ni kuwa wata uku ina ɓoye cewa ina koyon nutso, kar a ce na haukace.

Ku faɗi gaskiya, me kuke yi a ɓoye wanda wata Hajiya ta daɗe da riga ku?