Sajen da Ya Tankaɗe Liman

Da hantsi Saje Maccido ke jera sojojinsa a bakin garin Kebbe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa su tsalle. Wanda gorar ruwansa ko harsashinsa ya yi ƙara, sai ya kwance ya sake ɗauri. A kashe waya. Ba a shafa turare. Sannan ya shige gaba su biyo shi a warwatse, kowa da tazara tsakaninsa da na gabansa, kuma hanyar da aka bi jiya ba a binta yau. Haka yake raka manoma gonakin da 'yan bindiga suka hana girbewa, shekara da shekaru, amma da yawanmu ko sunansa ba mu sani ba.

Sama'ilu manomi ne, shi ke jan salla idan lokaci ya riske su a gona. Ya lura in an tada salla rabin sojojin na shiga sahu, Saje kuwa sai ya juya wa gabas baya ya ƙura wa daji ido. Sai an sallame yake yin tasa.

"Halan Saje, sahun namu ƙaya gare shi?" in ji Sama'ilu yana tsokanarsa.

"Malam, ku dubi gabas. Ni in dubam muku yamma."

To, ranar da abin ya faru, kaka ce, an yanke gero, dawa na tsaye. Ana tsakiyar la'asar tsuntsaye suka tashi fir daga cikin dawar nan gaba ɗaya, alhali babu iska, babu shanu. Saje ya daka tsawa: "Ku kwanta!" Sojoji suka zube, manoma suka bi su. Sama'ilu kaɗai ya rage a tsaye cikin farar riga. Ya ji tsawar sarai, amma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa yanke salla ba. Ya ce a ransa bari ya ƙarasa Fatiha.

Jama'a, wa ya taɓa ganin an tankaɗe liman yana salla? Saje ya taho a guje ya maka shi da ƙasa, ya danne. Sama'ilu, baki cike da ƙasa, ransa ya ɓaci, har ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ƙarar bindiga ta rufe gonar. Ya ji wani ɗumi na bin bayansa. Innalillahi! Jini ne, kuma ba nasa ba ne.

Da yake masu gadin a warwatse suke kwance, sun mayar da wuta ta ko'ina, maharan suka ja da baya. Harsashin da aka auna farar riga da shi kuwa, ya farfasa kafaɗar Saje ta dama.

Saje, kai ne na gaba a tafiya, na ƙarshe a salla. Yau ka ajiye kaki ka koma Jabo wajen iyalinka, hannun nan bai ƙara ɗaguwa ba, da hagu kaɗai kake kabbara. Samarin da ke sanye da kaki yanzu, ku je ku gaishe shi, ku zauna ku koya. Mu kuma da ake raka mu gona, in soja ya ce a kwanta, don Allah a kwanta.

Da Saje ya farfaɗo a asibiti a Tambuwal, Sama'ilu na tsugune gefen gadon. Saje ya dube shi, da ƙyar murya ke fita.

"Malam, la'asar da na ɓata muku, kun rama ta?"

Sun rama, Saje. A masallacin gari suka rama, kuma babu mutum ɗaya da aka rasa a sahun. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri.