Ragunan Iyatu da Wayar Marigayi

Iyatu 'yar Dundaye ce, amma shekara talatin da ɗaya ta yi a Ƙofar Rini, a gidan mijinta Malami mahauci. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma da yawan fita. Abin da aka sani da ita biyu ne: dambun naman da take yi wa matan unguwa, da ragunan da take turkewa a bayan ɗakinta duk shekara. Ita ke sayen su ƙanana da ribar dambu, ita ke ba su dusa da harawa, ita ke share kashinsu. Idan Babbar Sallah ta matso, sai Malami ya ja su zuwa Kara, kasuwar dabbobi, ya sayar, domin mace irin Iyatu ba ta tsayawa cikin dillalai ana ciniki. Saboda haka duk Kara, ragunan Malami ake ce musu. Iyatu ba ta taɓa damuwa da wannan ba. Ita da mijinta sun san gaskiya.

A shekarar da ake magana, raguna biyu ta turke, suka yi kyau ƙwarai. Wanda ya saya bai ba da kuɗi a hannu ba, ta waya ya tura su asusun Malami, don Iyatu ba ta da asusu a banki ko ɗaya. Ta daɗe tana son firiza mai aiki da hasken rana, saboda zafin Sakkwato ba ya barin nama ya kwana. Ɗiyarsu ɗaya tilo, Balkisu, wadda ke aure a Gidan Igwai, ta nuna mata hoton wata a wani shagon intanet, ta ce ta fi ta kasuwa araha. Da wayar Malami aka saya, da katinsa aka biya, da sunansa aka rubuta rasit.

Firiza ta iso murfinta a lotse. Aka jona ta yini guda, ko ruwa ba ta sanyaya ba. Motar kamfanin ta dawo ta ɗauke ta, aka ce kuɗi za su koma cikin kwana goma sha huɗu na aiki.

A kwana na tara Malami ya faɗi a rumfarsa, wuƙa a hannu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Da aka dawo daga maƙabarta, Iyatu ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi. Ta tattara duk abin da ke aljihun marigayi, waya da kati da makullin rumfa, ta ƙulle a tsumma, ta aika wa ƙaninsa Ladan ya riƙe har ranar rabon gado. Da hannunta ta ƙulle. Ta tuna da kuɗin firiza a lokacin, amma wace mace ce za ta ɗaga zancen kuɗi ana zaman makokin mijinta? Ta bar zancen, ta shiga takaba.

Tun tana amarya akwai wasa tsakaninta da Ladan. Ba ya shigowa gidan sai ya ce, "Matata, mi kika aje mini?" ita kuma ta ce, "Bulala." Bayan rasuwar ya daina. Sai ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi sallama, ya tambayi haƙuri, idonsa na kan turken da babu komai.

Bayan addu'ar bakwai ta sa aka kira shi.

"Ladan, akwai kuɗɗi da za su shigo wayar yayanka. Na firiza ne. Kuɗɗin ragunana ne."

"Ragunanki?"

"Kai ma ka sani. Sau nawa kana tsokanata wai na fi son su da kai?"

"Wanga wasa ne, Yaya Iyatu. Yanzu magana ta gado ce. Ni dai a Kara na ga yaya ya sayar da raguna." Ya taɓa aljihunsa. "Kuma har yau ba abin da ya shigo."

Daga ranar aka shiga jira. Balkisu ke kiran kamfanin da tata wayar, ta sa a bayyane uwarta na ji. Kullum murya daban, amma magana ɗaya: Hajiya ku yi haƙuri, ana kan aiki. Aka ce a ƙara kwana bakwai. Aka ce a turo hoton rasit, aka tura, aka ce bai fito sosai ba. Wata rana Iyatu ta karɓi wayar da kanta.

"Yarinya, ki tura kuɗɗin nan wurin ɗiyata. Mai asusun ya rasu."

"Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma ƙa'idarmu, inda kuɗi suka fito nan suke komawa."

"To ki ba ni wanda ya fi ki."

"Sai dai mai sayen ya kira da lambarsa."

"Na ce maki yana ƙasa."

Aka sa mata kiɗa, sannan layin ya yanke.

Da farko addu'arta kuɗin su zo da wuri. Daga baya ta gane ko yaushe suka zo, a aljihun Ladan za su yi ƙara. Sai ta rasa abin da za ta roƙa. Ba ta fita saboda takaba, kuma ko ta fita, wane banki zai saurare ta a kan asusun da babu sunanta? Ta aika wa mutumin da ya sayi ragunan. Ya ce shi bai san wata mace ba, da Malami ya yi ciniki. Matan da ke kawo mata aikin dambu suka fara kai wa wata, don ba ta da jarin sayen mai da kayan yaji.

Bayan kwana arba'in aka zauna rabo a zauren gidan. Limamin unguwa ya zo da takardarsa. Iyatu tana daga bayan labule. Ta faɗi maganarta a fili, ba ta yi kuka ba.

Liman ya ce, "Kina da shaida?"

"Balkisu ce ta sayi firizar."

"Shaidar ɗiya ga uwarta ba ta shiga, Iyatu. Akwai wani?"

"Akwai. Kun binne shi."

Liman ya gyara murya, ya ce duk abin da ke asusun marigayi, da wanda zai shigo nan gaba, nasa ne sai an kawo hujja. Ɗiya tana da rabi, mata tana da kashi ɗaya cikin takwas, sauran na ɗan'uwa.

Kuɗin ba su zo ranar ba. Sai da ta yi wata uku cikin takaba, wata safiya Ladan ya yi sallama, ya miƙo wayar ta gefen labule don ta ga saƙon da idonta. Sun shigo, an ma cire wani abu wai na ɗaukar kaya. A ƙasa kamfanin ya rubuta yana godiya ga Malami, yana fatan zai sake sayayya.

Aka raba yadda Liman ya faɗa. Balkisu ta ce za ta maido wa uwarta nata rabin. Mijinta ya ce a bari tukuna ya yi shawara, kuma har yau yana yi.

Da kasonta Iyatu ta sayi ɗan rago ɗaya, ramamme, bayan ta fita takaba. Yana nan a turke. Makon jiya Ladan ya leƙo, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, ya shafa bayansa yadda mahauta ke yi.

"Wanga zai yi kyau," in ji shi. "Idan Sallah ta zo, ni zan kai maki shi Kara."

Iyatu ta ci gaba da jiƙa dusa.